Kafin ka sayi zanen William Henry Hunt, ka san na wane zamani ne

Duk mai leƙa gwanjon zane-zane a Landan ya saba cin karo da ƙananan zanen fentin ruwa na cikin barga ko madafar ƙauye, da sa hannun "W. Hunt" a ƙasa. William Henry Hunt ke nan, wanda aka haifa a 1790, ya rasu a 1864. Yana da lalurar ƙafa tun yarinta, shi ya sa ya fi zama cikin ɗaki yana zana abin da ke gabansa. Ba kowane zanensa ke ɗauke da shekara ba, dillali kuwa wadda ta fi masa riba zai faɗa maka. Sai ka karanta aikin da idonka.

Na farkon rayuwarsa, bayan ya yi almajiranci wurin mai zanen fentin ruwa John Varley har zuwa shekarun 1820, suna da sauƙin ganewa. Da alƙalami da tawada yake fitar da siffar komai, sannan ya shafa fenti tsararo wanda takarda ke leƙowa ta ƙarƙashinsa. Suna da tsabta, amma ɗakin kan zama kamar ba a taɓa kwana a ciki ba.

Na shekarun 1830 su ne zaɓina, ba na ɓoyewa. A lokacin ya riga ya zama cikakken ɗan ƙungiyar masu fentin ruwa ta Landan tun 1826, layin tawada ya ja baya, launi ya yi kauri. Karkata zanen wajen taga ka duba: inda haske ya faɗo kan ciyawa ko tsohon bango, za ka ga ya kankare fentin da wuƙa har fatar takardar ta tashi. Igiyar da ke rataye, gefen bokiti, duk da kaifin wuƙa aka fito da su. Mai kwaikwayo yakan kankare a tsorace, layi ɗaya a miƙe. Na Hunt kaca-kaca yake in ka matso, in ka ja baya taku uku sai ka ga ƙura na yawo cikin hasken.

Daga baya ya koma ɗige-ɗige da bakin buroshi a kan farin fenti mai kauri, irin wanda kamfanin Winsor & Newton ya fitar a 1834. Wannan salon ya fi yawa a zanen 'ya'yan itace da sheƙar tsuntsu da suka yi masa suna, kuma shi aka fi kwaikwaya. In ka ga wannan farin jibge a zanen da aka ce na 1820 ne, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Ka nemi a cire zanen daga firam, ka ɗaga shi ga haske. Takardar zane ta kamfanin Whatman kan ɗauki tambari da shekarar da aka yi ta, waɗanda ake gani a haske, zane kuwa ba ya girmar takardarsa. In an manne ta a kan kwali, wannan shaidar ta tafi, ya kamata farashi ya sauka. Ka kuma duba gefen da firam ya rufe: shuni na koɗewa a rana, sai inuwar ɗaki ta koma ja-ja, a gefen nan ne kawai asalin launin ke saura.

Kada kuma a haɗa maka shi da William Holman Hunt, wanda aka haifa a 1827. Mutum ne daban, aikinsa ma daban.