Ganyen kel ko alayyafo: wanne za a riƙa ci kullum?

Ana yawan yi mana wannan tambaya a Maradi, musamman masu son rage ƙiba.

Wajen kuɗi babu gardama. Alayyafo na zuwa daga lambunan Gulbi da Jiratawa da araha, shi kuwa kel, ɗan uwan kabeji ne mai son sanyi, sai an nema.

Haɗarin ne ya bambanta. Kel ɗanye, in ana markaɗa shi da yawa ana sha kowace safiya, yana iya hana ƙullin tayirod da ke maƙogwaro amfani da sinadarin aidin, har maƙoƙo ya fito ga wanda gishirinsa ba shi da aidin. Yana kuma kumbura ciki. Tafasa shi minti 5 a zubar da ruwan na rage wannan sosai. Alayyafo kuwa cike yake da sinadarin okzalet mai haddasa tsakuwar ƙoda, wanda kel ba shi da shi sosai.

Dukansu, giram 100 ya ninka bitamin K da jiki ke buƙata a rana, wato bitamin mai taimaka wa jini daskarewa. Saboda haka mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, don Allah kada ya ƙara ko ya rage ganye kwatsam sai da sanin likita.

Wanda ya taɓa tsakuwar ƙoda, dafaffen kel ya fi masa. Mai maƙoƙo ko ƙaramin aljihu ya riƙe alayyafonsa.