Gargaɗi: Kada ku kira lambar da ke fitowa a allon kwamfuta

Jama'a, a yi hattara da wannan damfarar, don tana cin mutane ba kaɗan ba, musamman dattawa da waɗanda ba su daɗe da fara taɓa kwamfuta ba. Kana cikin duba wani shafi a intanet, sai kwatsam allon ya cika da jan rubutu, ƙara ta tashi kamar jiniya, wata murya tana ta maimaita cewa an kulle kwamfutarka. Ga tambarin Microsoft an manna, wai an gano manhajar leƙen asiri tana kwashe kalmomin sirrinka da bayanan bankinka. A ƙasa kuma ga lambar waya, an ce ka kira yanzu, kada ka kuskura ka kashe na'urar.

Ƙarya ce tsagwaronta. Shafin intanet ba shi da ikon binciken abin da ke cikin kwamfutarka, hoto ne kawai ya mamaye allon don ka ruɗe. Kamfanin Microsoft ya sha bayyana cewa saƙonnin gargaɗinsa ba sa zuwa da lambar waya, kuma ba ya kiran kowa haka siddan. A lokacin da wannan ihun ke tashi, galibi lafiyar kwamfutar ƙalau. Ɓarnar tana farawa ne daga kiran.

Wanda zai ɗauka yana da ladabi da haƙuri, shi ya sa ake yarda da shi. Zai sa ka sauke AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin da masu gyara na gaskiya ke aiki da su daga nesa, ya ce ka karanto masa lambobin da suka fito. Da ka karanto, shi ke nan, ka ba shi makullin ɗaki. Kana zaune za ka ga kibiyar linzami tana yawo da kanta. Sai ya buɗe Event Viewer, ya nuna maka jerin alamomi ja da rawaya, ya ce ga ƙwayoyin cutar nan. Alhali kowace kwamfuta mai Windows tana da irin wannan jerin, ko yau aka sayo ta, domin rajista ce ta ƙananan kurakuran yau da kullum. Daga nan sai zancen kuɗin gyara, kuma yawanci da katin kyauta ko kuɗin kirifto suke so a biya, saboda ba a iya dawo da su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwansu na biyu. Bayan 'yan watanni sukan sake kira, wai za su mayar wa mutum kuɗinsa. Su sake shiga kwamfutarsa daga nesa, su sa shi ya buɗe shafin bankinsa, su baƙanta allon, su sauya adadin da yake gani, sannan su hau magiya cewa sun turo fiye da kima bisa kuskure, a taimaka a mayar kada a kore su daga aiki. Ba su turo ko sisi ba. Tausayin mutum suke amfani da shi su yashe shi.

Dabarar tsorata mutane da gargaɗin ƙarya ba sabuwa ba ce. Tun a Disamba 2008 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka ta kai masu manhajojin tsaron bogi WinFixer da XP Antivirus kotu, bayan sun yaudari mutum fiye da miliyan 1 da binciken bogi.

Idan allon ya fito, kada ka danna komai a cikinsa. Danne Esc ka riƙe, ko ka latsa F11, ka rufe shafin. In ya ƙi, haɗa Ctrl da Shift da Esc, ka kashe burauzar, wato manhajar buɗe shafukan intanet, daga Task Manager da zai buɗe, kuma in ta tambaye ka ko ta dawo da shafukan baya, ka ƙi. In kuwa gargaɗin na ta leƙowa daga gefen allo ko ba ka buɗe komai ba, wani shafi ka taɓa bai wa izinin turo sanarwa. Shiga saitin burauza ka cire shi. Don hankalinka ya kwanta, buɗe Windows Security, manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, da kanka ka yi cikakken bincike.

Wanda ya riga ya ba su hanya, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya cire intanet nan take, ya goge manhajar da suka sa ya sauke, ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katinsa, sannan ya canja kalmomin sirri daga wata na'urar daban, ya fara da na imel.