Jinyar maigida a Manchesta

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Hajiya da mutanen Ƙofar Ƙaura. Kun ji labarin maigida sama-sama, to ga yadda abin yake.

Kasala ce ta fara, sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ga hagun cikinsa ya yi nauyi, loma kaɗan ya ƙoshi. Da a Katsina ne da an ce saifar maleriya ce, a wuce kemis. A nan ganin likitan unguwa ma aiki ne, ƙarfe 8 na safe kana kan waya kana bin layi. Amma da gwaji ya nuna jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da zubar jini duk sun yi ƙasa, nan da nan aka miƙa mu ga likitar jini. Ta soka allura a ƙashin ƙugunsa neman ɓargo, ko ɗigo bai fito ba, sai da ta gutsuro ɗan ƙashin. Ta ce bushewar nan ita ma alama ce.

Sankarar jini ce, irin wadda ƙwayoyinta ke fito da gashi-gashi a madubin likita. Wannan irin kusan kashi 2 cikin 100 ce ta duk sankarar jini, kuma ta fi kama maza magidanta. A da, saifar ake cirewa. Yanzu allurar cladribine ce ƙarƙashin fata, kwana 5 a jere, shi ke nan. Yawanci cutar kan kwanta shekaru, in ta taso a maimaita, a haɗa da wani magani mai suna rituximab.

Ko sisi asibiti bai karɓa ba, amma kada ku ce kyauta ce: mun biya kuɗin lafiya tun wajen biza, ga haraji duk wata. Abin da ya fi burge ni ƙarin jini, ba wanda ya ce mu nemo dangi su bayar.

Sai dai ba 'yan dubiya, ba kwanon kunu daga maƙwabta. Maganin ya karya garkuwar jikinsa, an hana shi shiga cunkoso, ko Juma'a ba ya zuwa, kuma da zazzaɓi ya taɓa shi sai asibiti ko tsakar dare ne.

Saifar Kawu da ta ƙi sauka, don Allah a yi masa cikakken gwajin jini, in ta kama a kai shi Kano ko Shika. Kilishin da Hajiya ke son aikowa kuwa ta bari, kwastam ɗin nan ƙwacewa suke yi.