Masu Girkin da Muka Ɗauka a Walimar Ƙanwata

A watan jiya muka ɗauki wasu masu girkin biki domin walimar auren ƙanwata a Unguwar Rimi da ke garin Kaduna, kuma tun da 'yan uwa suna ta tambayata ko sun cancanci a ba su aiki, na ga ya dace in rubuta abin da idona ya gani.

Waina da miyar taushe sun yi daɗi, dambun shinkafa kuwa shi ya fara ƙarewa. Sai dai zoɓon ya yi zaƙi fiye da kima, kuma sun makara da kusan awa ɗaya, abin da suka ɗora wa cunkoson motoci a kan gadar Kogin Kaduna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda shugabarsu take magana da ma'aikatanta. Su 12 ne, wasu daga Tudun Wada da Rigasa, wasu kuma Bajju da Gbagyi daga Sabon Tasha da Barnawa. Duk wanda ya san yadda rikicin shekarar 2000 ya raba mazauna garin nan, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa, ya san haɗa irin wannan tawaga a madafa ɗaya sai mai iya bakinsa. Da azahar ta yi, masu salla suka tafi, sauran suka riƙe tukwane ba tare da an umarce su ba.

Ana tsakiyar rabo wata sabuwar yarinya ta kifar da tiren kaji. Na zaci za a wanke ta da faɗa a gaban baƙi, amma Hajiyar ta matso, ta sassauta murya ta ce, "'Yata, ba ki ƙone ba dai ko?" Daga nan ta juya ga dattijon da ke suya ta ce, "Baba, kai ka fi mu sanin yadda sauran zai isa," kuma shawararsa aka bi. A ganina wannan halin ne ya sa da gas ya kusa ƙarewa, wani yaro ya je ya faɗa mata tun da wuri, maimakon ya yi shiru don gudun tsawa har wuta ta mutu.

Kuɗinsu ya ɗara na waɗanda muka fara tuntuɓa, amma zan sake ɗaukarsu a bikin ƙanena, sai dai zan ja musu kunne kan sukari da kuma lokacin fitowa.