Na tuƙa kilomita 40, aka jera ni a bayan masu 20

Masu tambayata ko gasar gudu da keke da aka yi a Abuja cikin hunturun nan ta ci kuɗin rajistarta, to da a gudun farko aka tashi, da na ce ku biya har ku ɗora musu tukuici. Kuɗin dai ba na wasa ba ne, ga man mota daga Kaduna, ga kuɗin masauki. Ni babban zango na yi wa rajista: gudun kilomita 10, keke kilomita 40, sannan a sake sauka a yi gudun kilomita 5. Ƙaramin zangon rabin wannan ne daidai, 5 da 20 da 2.5. Irinmu da ba mu tashi a bakin ruwa ba, duwatlon, wato irin wannan gasa ta gudu da keke, ita ce ƙofarmu, tunda yayarta tirayatlon, wadda ta shiga Olamfik tun gasar Sidni ta 2000, sai ka yi iyon mita 1,500 kafin ma ka ga kekenka. Ni kuwa ko a kogin Kaduna ban taɓa wuce gwiwa ba.

Gaskiya filin sauyi, inda ake ajiye kekuna a sauya tsakanin gudu da keke, ya burge ni. Kowa da lambarsa a jikin ƙarfen rataye keke, an duba birki, an duba hular kwano, wata baiwar Allah tana tsaye ba ta bari ka taɓa keke sai ka ɗaure igiyar hular a haɓa. Wani ya hau tun kafin ya kai layin hawa, ta sauke shi ya dawo baya, ba ta ko ɗaga murya ba. An makara wajen tashi, ƙarfe 6:30 aka sa sai wajen 7:40 aka busa usur, amma wannan ban ma sa shi a lissafi ba, mun saba. Gudun farko ya tafi lafiya lau, sanyi-sanyi, hazo ya tare rana, ruwa a kowane tebur.

A kan keke aka yi min abin da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Hanyar keken ta bi titin filin jirgin sama ne, a je a dawo, an killace mana hannu guda. 'Yan ƙaramin zango za su juya a kilomita 10, wajen Lugbe, mu kuma mu zarce sai kilomita 20. Titi ɗaya, wurin juyawa biyu. Duk mai hankali ya san abin da ya kamata: a bambanta launin lambar ƙirji, a kafa babban allo mai cewa wane ya juya, wane ya wuce. Ba a yi ko ɗaya ba. Lambobinmu duk farare ne, allon kuma takarda ce aka manna a jikin kwali, iska ta riga ta kifar da shi. Abin da ya rage shi ne robobin nan masu ruwan lemo da ake jerawa a titi, da wani yaro ɗan sa-kai riƙe da jar tuta, shi kaɗai.

Ina isowa ya tare gabana yana kaɗa tuta. "Oga, juya! Nan ne ƙarshe!"

Na dubi agogona, kilomita 10 da 'yan mitoci. Na taka birki, na sauke ƙafa ɗaya, na ce, "Ƙanina, ni na arba'in ne, a gaba zan juya."

"Wallahi Oga, cewa aka yi kowa ya juya a nan."

"Wa ya faɗa maka?"

Sai ya nuna wayarsa da ta mutu. A gabana mutum uku da muka taso tare a babban zango suka karya kan keke suka koma, ɗaya har yana ɗaga min hannu wai in zo mu tafi. Ni dai na ratsa ta gefen robobin na wuce, yaron yana bina da kira. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. An ajiye shi a tsakiyar titi ba a yi masa bayani ba, ba rediyon hannu, ba babba kusa da shi, ga kekuna na zuwa masa a guje. Laifin na wanda ya karɓi kuɗinmu ne ya tsara hanya a kan takarda bai zo ya tsaya a wurin ba.

Daga nan zuwa kilomita 20 titin kusan ni kaɗai ne, sai jefi-jefi in hango wani a gaba. Killacewar ma ta yi sakwa-sakwa, masu acaɓa sun fara kutsowa hannunmu, wata tirela ta wuce ni iskarta ta kusa watsa ni a kwalbati. Da na isa wurin juyawarmu na tarar da mutum biyu zaune a inuwar mota, suka miƙe da mamaki, ɗaya ya ce sun ɗauka an soke zangon ne don ba su ga jama'a ba. Ba su rubuta lambata ba. Ba takarda a hannunsu ma balle biro.

A nan ne babbar ɓarakar take. 'Yar na'urar da ake ɗaura mana a idon sawu ba ta san inda ka je ba, abin da ta sani shi ne lokacin da ka taka shimfiɗar da ke karanta ta. Su kuwa shimfiɗun nan a bakin filin sauyi da layin gamawa kawai aka sa. Da an ajiye guda ɗaya tak a kilomita 20, da kwamfuta da kanta ta tace wanda ya je da wanda bai je ba. In ta yi tsada, yaro da biro da littafi ya isa. Sai ga mutanen da suka tsaya suna yi mana dogon jawabi da safe a kan kada wani ya laɓe a bayan keken wani don ya kare masa iska, a bar tazarar mita 10, wanda aka kama za a ci shi tarar lokaci. Dokar tana da kyau, amma me amfanin tsare mita 10 a gasar da mutum zai iya cinye kilomita 20 ba wanda ya gani?

Kada in zama mara godiya. A hanyar dawowa sarƙata ta zame a wani hawa, kafin in gama sauka wani makanikin keke da suka ɗauka yana zagaye a kan babur ya iso, ya mayar da ita, ya ɗan saita min giyar baya, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji," ya ƙi karɓar ko sisi. Wannan bawan Allah shi kaɗai ya kusa sa in yafe musu komai. Na shiga filin sauyi ina cewa a raina to, ai ɗan Adam ajizi ne, kuma shirya irin wannan abu a titin Abuja ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai gudun ƙarshe ya dawo min da fushina sabo. Duk wanda ya taɓa sauka daga keke ya kama gudu ya san yadda kilomitar farko take: cinyoyi sun saba da juya feda, ka ce su miƙe su ɗauke ka, sai ka ji kamar ƙafafun aro ne aka ba ka. Ga rana ta keto hazon, ƙura ta busar da maƙogwaro. A lokacin ne mutum ya fi bukatar ruwa, a lokacin ne kuma na tarar an naɗe teburin farko, na biyu kuma sai ledojin da aka sha aka zubar. Waɗanda suka juya da wuri sun riga sun gama, masu shiri sun ga taro ya cika a layin gamawa, suka ɗauka an tashi. Wata mai sayar da lemo a gefen hanya ce ta ɓare min guda biyu, na ce mata ba kuɗi a jikina, ta ce in je kawai. Jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure saura kilomita ɗaya, da ɗingishi na ƙarasa, ana can ana ta kiɗa ana raba kyauta.

Da daddare aka fitar da sakamako. Nawa keken awa 1 da minti 22, kusan kilomita 29 a awa, kuma na yi alfahari da shi. A samana akwai wani da aka rubuta ya yi kilomita 40 cikin minti 41. Ku lissafa, ya haura kilomita 58 a awa ke nan. Filippo Ganna ɗan Italiya, da ya kafa tarihin tuƙin awa ɗaya na duniya a Oktoban 2022 a Suwizalan, kilomita 56.792 ya yi, a rufaffen fili mai santsi, kan keken da aka ƙera don wannan aiki kawai. Wato a titin Lugbe, cikin ƙura da masu acaɓa, mun samu wanda ya fi shi, kuma ba wanda ya dubi takardar ya ce wannan fa ba zai yiwu ba. An ma riga an kira shi kan dandamali an rataya masa lambar yabo.

Na tura musu hoton taswirar agogona ta WhatsApp, da lambata, na ce ba kyauta nake nema ba, a dai ware waɗanda suka kammala zangon a jeri guda. Amsar da na samu ita ce sun gode da shawara, za su duba a shekara mai zuwa, tare da tayin ragin kuɗin rajista in na biya da wuri. Na sake rubutawa, saƙon ya nuna an karanta, shiru.

In ƙaramin zango za ka yi, je ka, za ka ji daɗi, komai nasu a kansa aka gina shi. In babba ne, ka tambaye su tun kafin ka tura kuɗi ko akwai shimfiɗar na'ura a wurin juyawa na nesa, kuma ka ɗaura gorar ruwa biyu a kekenka, ka ajiye ta uku kusa da takalmin gudunka.