Lambun Buhu a Tsakar Gida: Sharhi Kan Aikin Masu Kafa Shi a Kano

Bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin cefane ya riƙa hawa babu sauka, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A cikin wannan hali ne wata ƙaramar sana'a ta samu kasuwa a birnin Kano, wato ta matasan da ke tallata kansu a Facebook da WhatsApp cewa za su zo har gida su kafa wa mutum lambun buhu, domin ya riƙa cin kayan miyar da aka shuka a tsakar gidansa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ce ta yi mana aiki a gidanmu da ke wajen Hotoro, kuma da yake lambun ya ga hunturu, ya sha zafin bazara, ya kuma ratsa damina, ina ganin ya isa a yi masa hukunci. Wajen ganye sun cika alkawari har da ƙari. Wajen tumatir sun yi alkawarin abin da yanayin Kano ba zai bar su su cika ba, sannan batun ruwa, wanda shi ne ainihin tsadar lambun, ba su tayar da shi ba sam a lokacin ciniki.

Abin da ake biya ya haɗa da buhuna, da ƙasar da suka haɗa, da iri ko dashe, da aikin kafawa, da kuma zuwa duba lambun a watannin farko. Aikin hannunsu yana da tsabta. Sukan naɗe bakin buhu zuwa ƙasa, su tsayar da gwangwanin da aka cire wa gindi a tsakiya, su cika shi da tsakuwa, su zuba ƙasa a kewayensa, sannan su zaro shi sama su sake cikawa, har tsakuwar ta miƙe daga gindin buhu zuwa bakinsa. Amfanin haka shi ne ruwan da aka zuba a sama ya bi ta cikin tsakuwar ya isa can ƙasa, maimakon ya jiƙa saman buhun kawai ya bar saiwoyin ƙasa da ƙishirwa. Daga nan sai su tsaga ƙananan kafofi a jikin buhun su cusa dashe, ta yadda buhu ɗaya zai ɗauki shuka a bakinsa da kuma gefunansa. Kowane buhu sun ɗora shi a kan bulo domin kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa ya ɓata daɓen siminti, kuma kafin su jera su sai da shugabansu ya tambayi uwargida inda rana take fara sauka da safe da inda inuwar katanga take kaiwa bayan la'asar.

A ganina ƙasar da suke kawowa ita ce ta fi cancantar kuɗin. Haɗi ne na ƙasar gona mai jigawa da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe da ɓuntun shinkafa. Idan ka damƙa ta sai ta dunƙule, idan ka dungure ta da yatsa sai ta warwatse, ba ta da wari, ba ta kuma daskarewa bayan ban-ruwa. Da yawa daga cikin masu haɗa tasu da kansu sukan zuba ɗanyen kashin kaji, wanda zafinsa ke ƙona dashe cikin 'yan kwanaki, ko kuma su kwaso ƙasar bola. Amfani da takin birni dai ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun kaka da kakanni jakuna ke shigowa da itace su fita da taki zuwa gonakin karkara, kuma lokacin da Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da cewa fili mai yawa a cikin ganuwa gonaki ne. Sai dai bolar wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da ɓawon kayan abinci, ta yau kuwa cike take da leda da mataccen batir da fasasshiyar kwalba. Saboda haka duk wanda zai ɗauki irin waɗannan ma'aikata ya dace ya tambaye su inda ƙasarsu ta fito. Namu sun ce daga wata gona a hanyar Wudil suke ɗebowa, kuma ban tsinci ko guntun leda a cikinta ba.

Alayyahu ne ya fara biyan kuɗinsa. Mako 3 zuwa 4 bayan shuka ake fara yanka, kuma idan aka yanke shi aka bar gindin, ba a tumɓuke ba, yakan sake tofo har sai ya fara fitar da kai, wanda daga gare shi ake samun irin da za a sake shukawa ba tare da an koma saye ba. Rama da yakuwa da lalo sun yi kyau ƙwarai da damina, latas da lawashin albasa kuma suka karɓi wurin da hunturu, na'a-na'a kuwa sai da aka riƙa rage ta domin kada ta mamaye buhunta. Miyar taushen da aka yi da alayyahun da aka yanko ana tsakiyar girki ta bambanta da wadda aka yi da ɗaurin da ya wuni a kan faifan mai talla. Na kuma yaba musu kan zogale, domin sun ƙi sa shi a buhu duk da cewa mun nema, suka ce saiwarsa tana son zurfi, suka dasa shi a rabin duro, suka kuma koya mana sare kansa idan ya kai ƙugu domin ya yi rassa ya daina miƙewa sama.

Akwai wani dalili da ya fi ɗanɗano nauyi. Wani sashe na ganyen da ake sayarwa a cikin birni ana noma shi ne a bakin rafin Jakara da na Getsi, inda ruwan kwatamin unguwanni da dagwalon masana'antun Bompai ke malala, kuma masana sun daɗe suna jan hankali kan gubar ƙarafa da ƙwayoyin cuta a irin wannan ruwa. Ganyen kasuwa da yawa daga fadamu masu tsabta yake fitowa, amma mai saye ba shi da hanyar bambancewa da ido. Ga latas, wanda ɗanye ake cinsa, sanin ruwan da ya sha babbar riba ce.

Tumatir ne ya tona asirin tallar. A hotunan da suke yaɗawa shi ne a gaba, jawur, kuma shi ne ya fi jan hankalin magidanci, domin shi ya fi cin kuɗin cefane. Sun ba mu dashen irin tumatirin da ake kira Roma, ya kuma yi 'ya'ya daidai gwargwado daga Janairu zuwa Fabrairu. Matsalar ita ce wannan shi ne ainihin lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam, wanda ke shan ruwan madatsar Tiga, yake cika kasuwar 'Yan Kaba har dillalan kayan gwari su rasa inda za su kai kwanduna, farashi kuma ya faɗi warwas. Lokacin da tumatir ke tsada kuwa, wato daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, na buhu ba ya taɓuka komai. Da zarar zafin Afrilu ya haura digiri 35, furen yakan bushe ya kaɗe bai ƙulla ba, alhali tsakar gida mai daɓen siminti da katanga ta fi fili zafi. Abin da ya tsira daga zafi kuma sai ya gamu da farin ƙuda mai sa ganye ya nannaɗe, ko tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina mummunar ɓarna a 2016. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikinsa ta bar farin tabo, daga baya ta huda ɗan tumatirin, kuma kasancewarta a ɓoye ya sa feshi ba ya saurin kai mata. Mutanen da suka san aikin gona kamar yadda waɗannan matasa suka sani ba za a ce ba su san da wannan ba, kuma da sun faɗa tun farko, da buhunan da tumatir ya cinye sun tafi ga attaruhu, wanda ya fi jimiri, ya kuma daɗe yana zuba 'ya'ya a wurinmu.

Sai batun ruwa. Ƙasar da ke cikin buhu tana bushewa da sauri fiye da ta fili, saboda iska da rana suna dukanta ta kowane gefe, kuma da bazara dole a ba ta ruwa safe da yamma, in ba haka ba kafin azahar ganyen ya langaɓe. Gidan da ke da rijiya ko burtsatse ba zai ji wannan ba. Gidan da ke sayen jarka a hannun mai ruwa kuwa, kamar akasarin gidajen unguwannin da famfo ya daɗe bai kawo ba, zai tarar da cewa kuɗin ruwan watannin zafi yana neman ya haura kuɗin ganyen da ake yanka. Abin da ya rage mana nauyi shi ne tara ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya a bokiti, tare da rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa; ruwan wanki mai omo kuwa ba a kai shi kusa da shuka, domin yana ɓata ƙasa. Sun sayar mana da bokitin ban-ruwan ɗigo a kan ƙarin kuɗi, amma ba su sa masa matata ba, saboda haka laka ta toshe kafofin tiyon ba da jimawa ba, muka koma ga gwangwanin ban-ruwa.

Buhunan su ma ba su kai ingancin ƙasar ba. Tsofaffin buhunan shinkafa ne na roba, waɗanda rana ke cinyewa, kuma kafin shekara ta zagayo waɗanda ke fuskantar yamma sun fara ruɓewa, ana taɓa su suna yagewa. Ƙadangaru kuma sun yi wa dashen farko ɓarna kafin a kewaye wurin da raga, abin da ya kamata a ce yana cikin aikin tun ranar kafawa. Game da zuwa dubawa, sun zo kamar yadda aka yi alkawari a farkon lamari, daga baya sai hulɗar ta koma saƙon murya a WhatsApp, ko da yake suna amsawa da wuri, kuma shawararsu ta jiƙa dakakken ganyen darbejiya a tace a fesa da yamma ta yi maganin ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganye.

Farashinsu bai yi mini yawa ba idan aka duba ƙasar da kuma koyarwar, amma ana iya rage shi sosai ta hanyar karɓar ƙasa da dashen ganye kawai, mutum ya nemi tsofaffin bokitai ko rabin jarka a madadin buhu, ya kuma ƙi bokitin ɗigon sai in da matata. Mai gidan haya ya fara neman izinin mai gida, saboda danshin da ke taɓa gindin katanga. Wanda kuma yake tunanin jera buhunan a saman bene ya sani cewa babban buhu cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsakuwa ya fi buhun siminti mai kilo 50 nauyi, don haka sai ya tuntuɓi maginin da ya san ƙarfin rufin benen kafin a hau da ko ɗaya.