Ra'ayina Kan Sashen Gaggawa na Yara Wajen Jinyar Ciwon Sukarin da Ya Rikice

Duk gidan da ke da yaro mai ciwon sukari nau'i na 1 yana bukatar sanin inda zai nufa ranar da ciwon ya rikice, shi ya sa na ga dacewar bayyana ra'ayina game da sashen gaggawa na yara na wani asibitin koyarwa, inda na yi jinyar ɗan ƙanwata. A ganina likitoci da ma'aikatan jinyar wurin sun san aikinsu, kayan aiki ne suka yi musu ƙaranci.

Larurar da ta kai mu ita ce wadda likitoci ke kira DKA. Idan insulin, wato sinadarin da ke sarrafa sukari a jiki, ya yi ƙaranci, jiki yakan koma ƙona kitse, sinadarin kiton ya taru har jini ya yi tsami, sukari kuma ya riƙa fita ta fitsari yana jan ruwa tare da shi, har yaro ya iya rasa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Yaronmu ya iso yana amai, idanunsa sun faɗa, harshensa ya bushe, yana jan numfashi mai zurfi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su bari awon hawan jini ya yaudare su ba. Na'ura ta nuna jininsa ya ɗan hau, na kuwa tambayi likita ko ba za a dakata da ƙarin ruwa ba, tun da mun saba jin cewa wanda ruwa ya ƙare a jikinsa jininsa sauka yake yi. Ta yi mini bayani a natse cewa jijiyoyin jinin yaro suna tsukewa su riƙe awon har sai abu ya yi nisa, saboda haka wanda ya jira jini ya sauka kafin ya yarda jiki ya bushe, ya makara. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 ya samu kusan kashi 12 cikin 100 na irin waɗannan yara da hawan jini lokacin da suka iso asibiti. Ita likitar ta fi dogara da bugun zuciya da sanyin hannu da ƙafa, ta kuma danna farcensa tana lura da saurin dawowar jini.

Sun fara da ruwan gishiri ta jijiya gwargwadon nauyinsa, sai bayan kamar awa guda suka sa insulin, sauran ruwan kuma aka tsara shigarsa sannu a hankali. Kowace awa ma'aikaciyar jinya takan auna sukari da jini, ta kira sunansa, ta tambaye shi ko kansa yana ciwo. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin hawan jini tare da raguwar bugun zuciya da ciwon kai da yawan barci suna iya zama alamar kumburin ƙwaƙwalwa, wanda bai cika faruwa ba amma shi ne mafi haɗari a wannan larura.

Sai dai madaurin damtse na auna hawan jinin yara guda ɗaya ne a ɗakin, ana yawo da shi daga gado zuwa gado, alhali madaurin da bai dace da damtse ba awon ƙarya yake bayarwa. Sakamakon gwajin potasiyam ma ya yi jinkiri, ga shi insulin yana saukar da wannan sinadari har ya iya taɓa bugun zuciya. Tsinken gwajin sukari kuwa mu muka sayo a waje cikin dare.

Duk da haka zan shawarci iyaye su kai yaransu irin wannan sashe kai tsaye, ba kemis ba, da zarar amai da tsananin ƙishirwa da yawan fitsari sun haɗu. Su tafi da na'urar gwajinsu ta gida da tsinkenta da insulin ɗin yaron, su kuma faɗa wa likita lokacin da aka yi masa allurar ƙarshe.